Bitar Ƙa'idar IEEE 754: Yadda Ake Gyara Dokar Lissafin Kwamfuta da Yadda Ake Sa Baki

Duk wanda ya rubuta 0.1 + 0.2 a harshen manhaja na Python ko JavaScript, amsar da zai gani ita ce 0.30000000000000004. Haka wayar hannu za ta ba shi, haka kwamfutar tebur, haka manyan na'urorin hasashen yanayi. Wannan haɗin baki, har a cikin ɗan kuskuren, ya samo asali ne daga takarda guda mai suna IEEE 754, ƙa'idar da ta tsara yadda kwamfuta ke ajiye lambobi masu ɗigo da yadda take lissafi da su. Bugun da ake aiki da shi yanzu ya fito a watan Yulin 2019. A dokar hukumar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki da ta fitar da takardar, ƙa'ida ba ta wuce shekara goma sai an sake duba ta, in ba haka ba a mayar da ita cikin jerin waɗanda suka daina aiki. Wa'adin ke nan ya faɗa 2029, kuma tuni masana suka fara fitar da rubuce-rubuce kan abin da ya kamata ya shiga bugu na gaba.

Jin labarin bita yakan sa wasu su zaci za a gyara amsar 0.1 + 0.2, wasu kuma su ji tsoron tsofaffin manhajoji za su rikice. Duka biyun ba za su faru ba. Aikin bita ya fi karkata ga gefunan lissafi, inda jimla ɗaya mai harshen damo kan sa na'urori biyu su ba da amsa daban alhali kowacce na ikirarin bin ƙa'ida.

## Mene ne ɗigo mai yawo

Kwamfuta na ajiye lamba a cikin gurbi mai iyaka. Don gurbin ya ɗauki ƙanana da manya, ana raba lambar gida uku: alama, wato tarawa ko ragewa, jigon lamba, wato alƙaluman da ke ɗauke da ainihin ƙimar, da ma'aunin girma, wanda ke faɗin inda ɗigo zai zauna. Ma'aunin girman ne ke matsar da ɗigon hagu ko dama, shi ya sa ake cewa ɗigon na yawo.

Tsarin da aka fi amfani da shi, binary64, yana cin bit 64, bit kuwa gurbi ne da ke ɗaukar 0 ko 1 kawai: ɗaya na alama, 11 na ma'aunin girma, 52 na jigo, sai wani bit ɗaya da ba a rubutawa amma ana ƙirga shi, jigon ya zama 53. Wannan na ba da alƙaluma 15 zuwa 17 a lissafin tushe goma, kuma lamba mafi girma ta kai kimanin 1.8 × 10^308. Ƙaninsa binary32 yana da bit 8 na ma'aunin girma da 23 na jigo, alƙalumansa kusan bakwai. Akwai kuma binary16 da ba ya wuce 65504, da binary128 mai jigon bit 113.

Tushe biyu ake lissafin da shi, wato ƙirga da 0 da 1 kawai, kuma a tushe biyu ɗaya bisa goma ba ta da ƙarshe, kamar yadda ɗaya bisa uku ke tafiya 0.3333 ba iyaka a tushe goma. Dole a yanke ta a wani wuri. Wannan yankewa zuwa lamba mafi kusa ita ake kira dunƙulewa, kuma ƙa'idar ta tanadi hanyoyi biyar: zuwa mafi kusa tare da zaɓar lamba cika idan aka yi kunnen doki, zuwa mafi kusa tare da nisantar sifili, zuwa wajen sifili, zuwa sama, da zuwa ƙasa. Ta farkon ce ake bi a tushe biyu idan ba a zaɓi wata ba. Irin wannan doka ce Python ke bi sa'ad da yake mayar da 2.5 zuwa 2, amma 3.5 zuwa 4.

Sai abubuwan da ba lamba zalla ba. Akwai sifili biyu, mai tarawa da mai ragewa. Akwai mara iyaka, wanda ke fitowa idan an raba 1 da sifili. Akwai NaN, alamar cewa amsar ba lamba ba ce, kamar sifili bisa sifili, kuma iri biyu ce: mai shiru wadda ke bin lissafi har ƙarshe, da mai ƙararrawa wadda ke ɗaga tuta, wato alamar gargaɗi ga manhaja, da zarar an taɓa ta. Tutocin biyar ne: aiki mara inganci, rabawa da sifili, ambaliya idan amsa ta fi ƙarfin gurbi, ƙafewa idan ta yi ƙanƙanta ƙwarai, da rashin cika daidai idan an dunƙule. Yawancin gardamar kwamitin da ke bitar ƙa'idar a kan waɗannan gefuna take.

## Tushen ƙa'idar

A shekarun 1970 kowane kamfani da nasa tsarin. IBM na lissafi a tushe sha shida, DEC da Cray da CDC kowa da faɗin gurbinsa da salon dunƙulewarsa. Manhajar da ta yi daidai a wata na'ura sai ta ba da wata amsa a wata. Da Intel ya tashi ƙera guntun lissafi 8087, wanda ya fito a 1980, ya ɗauki William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a matsayin mai ba da shawara. Kahan da Jerome Coonen da Harold Stone suka kai wa kwamitin IEEE daftari, DEC kuma ta kawo nata.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne ƙafewa sannu a hankali. A tsarin DEC, da zarar lamba ta yi ƙasa da mafi ƙanƙantar lamba ta al'ada sai a mayar da ita sifili. A tsarin Kahan ana cike gurbin da ke tsakanin ta da sifili da wasu lambobi masu raguwar inganci. A binary32 ke nan ana sauka daga kimanin 1.2 × 10^-38 har zuwa 1.4 × 10^-45. Ribar ita ce idan x da y sun bambanta, x − y ba zai taɓa zama sifili ba. Masu adawa suka ce ƙera shi na da tsada kuma yana rage gudu. Ɓangaren Kahan ya yi rinjaye, aka amince da ƙa'idar a 1985, shi kuma ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1989. Gardamar ba ta mutu ba: har yau furosesoshi da yawa, wato guntayen da ke yi wa kwamfuta lissafi, na da makunnin da ke mayar da waɗannan lambobi sifili don neman gudu.

A 1987 aka fitar da IEEE 854, wadda ba ta ɗaure kanta da tushe biyu ba. Bitar 2008 ta haɗe su biyun bayan aikin kusan shekara bakwai ƙarƙashin shugabancin Dan Zuras, da Mike Cowlishaw a matsayin edita. Ita ta shigo da tsare-tsaren tushe goma, da binary16 da binary128, da aikin ninkawa da tarawa a dunƙulewa ɗaya da ake kira FMA. Bitar 2019, wadda David Hough ya shugabanta, da gangan aka taƙaita ta ga gyaran kurakurai da fayyace ma'ana. Hukumomin ƙa'idoji na duniya ISO da IEC sun karɓi wannan bugu da lambar 60559:2020.

## Matakan da daftari ke bi

Aikin na farawa da takardar neman izini, wadda ake kira PAR. A cikinta ake rubuta iyakar abin da za a taɓa, kuma izinin na shekara huɗu ne, ko da yake ana iya neman ƙari. Mai son sa baki ya fara karanta wannan takarda, domin duk shawarar da ta fita daga iyakarta ana ƙin ta komai kyanta. A bitar 2019, misali, neman a wajabta wani sabon aiki da zai sa na'urorin da ke bin bugun 2008 su zama masu saɓa doka ya fita daga abin da aka ba kwamitin izini.

Kwamitin aikin 754 na ƙarƙashin kwamitin ƙa'idojin furosesa na ƙungiyar kwamfuta ta IEEE, kuma mutum na shiga ne da sunan kansa. Halartar taro ba ta buƙatar katin zama ɗan ƙungiya, amma dole mutum ya bayyana wanda yake wa aiki ko wanda ke ɗaukar nauyinsa. Haƙƙin jefa ƙuri'a a cikin kwamitin ana samunsa ne ta halartar taruka kamar yadda dokokin kwamitin suka tsara. A farkon kowane zama ana tambaya ko akwai wanda ya san wani haƙƙin mallakar fasaha da ya shafi daftarin, kuma an hana tattauna farashi ko rabon kasuwa.

Idan kwamiti ya gamsu da daftari sai a kafa rukunin masu ƙuri'a, wanda daban yake da kwamitin. Ana aika gayyata ta shafin myProject ga waɗanda suka yi rajistar sha'awar fannin, kuma shiga na buƙatar zama memba na sashen ƙa'idoji na IEEE ko biyan kuɗin wannan ƙuri'ar kaɗai. Wanda ya bari gayyatar ta rufe ya rasa damar, domin ba a ƙara mutane bayan an fara. Kowa na zaɓar ajinsa, maƙeri ne ko mai amfani ko malamin jami'a ko ma'aikacin gwamnati, kuma ba a yarda aji ɗaya ya wuce kashi ɗaya bisa uku na rukunin ba.

Zagayen farko na ƙuri'a ba ya gaza kwana 30. Kafin a ce ya yi, sai kashi 75 cikin ɗari na rukunin sun mayar da amsa, masu ƙauracewa ba su kai kashi 30 ba, kuma kashi 75 na waɗanda suka ce e ko a'a sun amince. Wannan ne dalilin da ya sa shiga rukuni a yi shiru ke cutar da aikin. Mai cewa a'a ana so ya rubuta dalilinsa, ya nuna abin da in an gyara zai sauya ra'ayi. Tare da zagayen farko akwai bitar jama'a ta kwana 60, inda kowa ke iya aika tsokaci. Kwamiti na dubawa ya ba da amsa, sai dai ba a ƙirga shi a matsayin ƙuri'a.

Kowane tsokaci na samun ɗaya daga hukunci uku: an karɓa, an karɓa da gyara, ko an ƙi tare da dalili. In an sauya wani abu mai nauyi, ko akwai ƙin amincewar da ba a warware ba, sai a sake zagayawa na aƙalla kwana 10, kuma a wannan karon ana tsokaci ne kawai kan wuraren da aka taɓa ko waɗanda ake jayayya a kansu. Sababbin masu bita kan yi asara a nan: su ajiye babbar matsala sai zagaye na biyu, su tarar ƙofar sashen ta rufe. Daga ƙarshe RevCom, kwamitin bita na hukumar ƙa'idojin IEEE, na duba ko an bi tsari, ba ya shiga hukuncin lissafin, sannan hukumar ƙa'idoji ta sa hannu.

## Tsokacin da ke sauya daftari

Daftarin na bambanta abu uku da kalmomi keɓaɓɓu: wajibi, mustahabbi, da wanda aka halatta kawai. Mai bita kan bi kowace jimla yana tambayar wanne ne a cikin ukun, wa aka ɗora wa, maƙerin furosesa ko mai tsara harshen manhaja, kuma ta yaya za a gwada an bi ko ba a bi ba. Fom ɗin tsokaci na neman shafi, sashe, layi, nau'in tsokacin, wato na fasaha ko na gyaran rubutu ko na gaba ɗaya, da kalmomin da ake so a sa a madadin na yanzu. Tsokacin da ya ce "wannan sashe bai fito fili ba" ya tsaya nan, sau da yawa ana ƙin sa saboda bai kawo gyara ba.

Labarin minNum ya nuna irin abin da ake nema. Bugun 2008 ya tanadi wannan aiki don zaɓar ƙaramar lamba cikin biyu. Ya ce idan ɗayarsu NaN ce mai shiru a ɗauki lambar, idan kuma mai ƙararrawa ce a ɗaga tuta a mayar da NaN mai shiru. Kowace doka ita kaɗai tana da ma'ana. Amma a ɗauki abu uku: 1, da 2, da NaN mai ƙararrawa. Idan aka fara gwama 2 da NaN ɗin, sakamakon NaN ce mai shiru, a gwama ta da 1 a sami 1. Idan aka fara gwama 1 da 2 a sami 1, sannan a gwama da mai ƙararrawa, sakamakon NaN ne. Jeri ɗaya, amsa biyu, gwargwadon wanda aka fara da shi. Ga na'urar da ke raba jeri mai tsawo tsakanin furosesoshi da yawa a lokaci guda, wannan na nufin amsa na iya sauyawa daga wannan karo zuwa wancan. A 2019 aka cire minNum da maxNum, aka kawo minimum da maximum masu mayar da NaN duk lokacin da ɗaya cikin biyun NaN ce, da minimumNumber da maximumNumber masu fifita lamba kullum. Misali mai lamba uku ya isa hujja.

Wani wurin da mai bita ke dubawa shi ne inda aka bar wa maƙera zaɓi. A tushe biyu, ƙa'idar ta yarda a gane ƙanƙantar amsa kafin dunƙulewa ko bayanta. Furosesoshin x86 da RISC-V na dubawa bayan dunƙulewa, na Arm a al'adance kafin ta. Lambar da ke fitowa ɗaya ce, amma tutar ƙafewa kan tashi a wannan ta ƙi tashi a wancan. Haka batun bayanin da NaN ke ɗauke da shi a cikinta: x86 na wucewa da shi gaba, RISC-V na mayar da NaN guda tsayayya. Masu gwada irin wannan kan yi amfani da SoftFloat da TestFloat na John Hauser, ko ɗakin manhajar MPFR mai lissafi da jigo kowane tsawo, su fito da ainihin jerin bit ɗin da ya saɓa su liƙa a tsokacinsu.

## Inda ra'ayi ya rabu

Babbar tambaya ita ce dunƙulewa daidai ga ayyukan lissafi masu sarƙaƙiya irin su sin, exp da log. Tarawa, ragewa, ninkawa, rabawa, tushen murabba'i da FMA wajibi ne su ba da lamba mafi kusa da amsar gaskiya. Su sin da log kuwa an bar su a sashe na 9 na ƙa'idar a matsayin mustahabbi, shi ya sa ɗakunan lissafi na Windows da Linux da macOS kan bambanta a bit na ƙarshe. Dalilin asali shi ne ba a san tun farko alƙaluma nawa za a lissafa kafin a tabbatar wane gefe amsa za ta faɗa ba. Masu son a wajabta, ciki har da masu aikin CORE-MATH da Paul Zimmermann na cibiyar Inria ta Faransa ke jagoranta, suna cewa wannan uzuri ya tsufa. A binary32 aiki mai shigarwa ɗaya yana da ƙimomi kusan biliyan 4.3 ne kacal, ana iya gwada su duka, kuma a binary64 an gano mawuyatan wurare na ayyuka da dama an rubuta manhajoji masu gudu. Masu ja da baya na nuna cewa ayyuka masu shigarwa biyu da binary128 sun fi wuya, cewa katunan zane da ƙananan na'urori sun fi buƙatar gudu, kuma wajabcin da maƙera za su yi biris da shi na rage wa ƙa'idar kwarjini.

Ta biyu ita ce ƙananan tsare-tsaren ƙirƙirarriyar basira. Google ta fito da bfloat16, mai bit 8 na ma'aunin girma da 7 na jigo, ba tare da jiran kowa ba. A 2022 NVIDIA da Arm da Intel suka gabatar da tsari biyu masu bit 8: E5M2 da ke kaiwa 57344, da E4M3 da ke kaiwa 448. E4M3 ya yar da mara iyaka gaba ɗaya, domin a gurbin da ke da ƙimomi 256 kacal kowace ɗaya na da daraja. IEEE ta buɗe wani kwamiti daban, P3109, don wannan fanni. Wasu na ganin raba aikin ya dace tunda buƙatun sun sha bamban, wasu na gargaɗin cewa juya lamba daga wannan tsari zuwa wancan zai zama sabon gurbin saɓani idan takardun biyu ba su yi magana da murya ɗaya ba.

Ta uku ita ce maimaituwar amsa. Tarawa a wannan lissafi ba ta jure sauya jeri: (0.1 + 0.2) + 0.3 na ba da 0.6000000000000001, amma 0.1 + (0.2 + 0.3) na ba da 0.6. Manhajar da ke fassara shiri zuwa harshen na'ura tana iya haɗe ninkawa da tarawa su zama FMA, amsa ta ƙara inganci amma ta bambanta da ta jiya. Bugun 2019 ya ƙara wasu ayyuka na mustahabbi da ke mayar da amsa tare da ɗan guntun da dunƙulewa ta zubar, don a iya gina tarawa mai maimaituwa. Masu binciken kimiyya na son a ƙara matsawa, maƙera na lissafin abin da hakan zai ci a gudu da wutar lantarki.

Akwai masu cewa a sauya tsarin ɗungurungum, kamar lambobin posit da John Gustafson ya gabatar a 2017, amma wannan na wajen iyakar bita. Darasin da aka fi tunawa a kwamitin shi ne na tushe goma a 2008: IBM na da hanyar shirya bit ɗinta, Intel na da tata, aka kasa zaɓar ɗaya aka amince da duka biyun. Ƙuri'a ta wuce, amma duk mai musayar irin waɗannan lambobi tsakanin na'urori sai ya san da wace hanya aka rubuta su.

## Abin da zai iso ga mai amfani

Tsarin binary32 da binary64 ba za su motsa ba, domin biliyoyin na'urori da fayiloli sun dogara da su. Don haka iyakokin da aka sani suna nan. Binary64 na riƙe cikakkun lambobi daidai har zuwa 9007199254740992, bayan nan sai ya fara tsallake wasu. Excel na tsayawa a alƙaluma 15, shi ya sa lambar kati mai alƙaluma 16 ke komawa da sifili a ƙarshe idan ba a shigar da ita a matsayin rubutu ba. A binary32 lambar 16777217 ba ta da gurbi. Mai rubuta manhajar kuɗi har gobe zai ci gaba da ƙirga ƙananan rassan kuɗi, kamar kwabo, a cikakkun lambobi ko ya yi amfani da tushe goma.

Hatsarorin da ake yawan ambata ma ba bita ce ke maganinsu ba. Rokar Ariane 5 ta tarwatse a ranar 4 ga Yunin 1996 saboda an tura lamba mai bit 64 cikin gurbin cikakkiyar lamba mai bit 16 ba tare da kariya ba. Kuskuren rabawa na furosesan Pentium a 1994, wanda ya ci wa Intel dala miliyan 475, saɓa wa ƙa'idar ne a wajen ƙira, kuma kasancewar akwai amsa guda da doka ta tsayar ne ya sa aka iya nuna laifin ƙarara.

Sauyin da bita ke kawowa yana isowa a makare, ta hannun harsunan manhaja da sababbin furosesoshi. Ayyukan minimum da maximum na 2019 sai a bugun C23 suka shiga harshen C da sunayen fminimum da fmaximum. Java kuwa sai a bugu na 17, a 2021, ta koma tsauraran dokokin lissafi a ko'ina, bayan sassaucin da ta yi tun ƙarshen shekarun 1990 saboda tsofaffin furosesoshin Intel masu gurbin bit 80. Idan bugu na gaba ya wajabta dunƙulewa daidai ga sin da log, waɗanda za su fara gani su ne masu wasannin intanet da ke buƙatar kowace na'ura ta lissafa motsi iri ɗaya, da masu binciken da ke son wani ya maimaita sakamakonsu a wata kwamfutar. Masu ajiye tsofaffin sakamakon gwaji kuma za su tarar bit na ƙarshe ya sauya a wasu wurare, su sake sabunta fayilolin da suke gwadawa da su.